Ina sayar da inshora a Kumasi: shiga ƙungiyar 'yan sana'a zai amfane ni, ko asarar kuɗi ce?

"Assalamu alaikum, Hajiya. Ni 'yar Aboabo ce, ina wakilcin wani kamfanin inshora a nan Kumasi. Yawanci inshorar rai da ta karatun yara nake sayarwa, wani lokaci kuma in haɗa masu mota da inda za su yi tasu. Ba ni da albashi, kamasho kawai nake ci. Wata abokiyar aikina ta matsa mini in shiga ƙungiyar masu wannan sana'a, wai akwai amfani. Ni kuwa gani nake ina da lasisi, kamfani kuma yana ba mu horo, to me ƙungiya za ta ƙara mini ban da kuɗin shekara da zirga-zirgar taro? Don Allah ki faɗa mini gaskiya, ba na son in zuba kuɗin da na sha rana kafin in samu a inda ba zai dawo ba."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya sa albarka a nema. Idan na fahimce ki, tambayoyi biyu ne kika haɗa. Na farko, shin akwai abin da ƙungiya ke ba mai sayar da inshora wanda lasisi da horon kamfani ba su ba shi ba? Na biyu, ko da akwai, ya kai a ciri kuɗinsa daga kamashon da yau akwai gobe babu? Amsata ita ce ki shiga, amma ba kowace ƙungiya ba, kuma ba don ki ajiye kati a jaka ba. Na daɗe a wannan aiki, da wakilci na fara kamar ke kafin in koma dillanci. Na ga waɗanda ƙungiya ta ɗaga, na kuma ga waɗanda suka yi ta biyan kuɗi shekara da shekaru ba su tsinana komai ba.

Kowa da rumfarsa

A fara raba hukuma da ƙungiya, don mutane da yawa suna cakuɗa su. Hukumar Inshora ta Ƙasa, wadda kowa ke kira NIC, ba ƙungiya ba ce. Ita ce idon gwamnati a harkar. Ita ke ba kamfani lasisi, ta ba dillali, ta ba wakili, ita kuma ke ƙwacewa in an saɓa. Dokar da take aiki da ita yanzu ita ce Dokar Inshora ta 2021 mai lamba 1061, wadda ta maye gurbin ta 2006 mai lamba 724. Tana da ofis a nan Kumasi. Bin ta dole ne, kuma babu katin ƙungiyar da zai tsaya miki a matsayin lasisinta.

Ƙungiyoyi kuwa kowace da mutanenta. GIA ta kamfanonin inshora ce su kansu, ba mutum ɗaya ke shiga ba. IBAG, wadda a da ake kira GIBA, ta kamfanonin dillanci ce. Wadda ta shafe ki kai tsaye ita ce NAGIA, ƙungiyar wakilan inshora ta ƙasa. Sai CIIG, cibiyar ƙwararrun ma'aikatan inshora ta Ghana, wadda mutum ke shiga da sunansa da iliminsa, ya riƙa hawa daraja gwargwadon karatu da gogewa. A gefe kuma akwai kwalejin inshora ta Ghana a Akara, ita makaranta ce, can ake karatun sana'ar.

Dalilin da ya sa wakilai da dillalai ba su zauna a rumfa ɗaya ba shi ne aikinsu ba ɗaya ba ne. Wakili mutumin kamfani ne, hajar kamfaninsa yake tallatawa. Dillali kuwa mutumin mai saye ne, shi ke zagaya kamfanoni ya nemo wa mai dukiya abin da ya fi dacewa da shi, ya kuma tsaya masa ranar neman diyya. Saboda nauyin da ke kansa ne aka ɗora masa jari. A 2019 NIC ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin dillanci daga sidi 300,000 zuwa 500,000, na kamfanonin inshora kuma daga miliyan 15 zuwa miliyan 50. Na kawo wannan ne don in kina da burin buɗe naki wata rana, ki san tsawon tafiyar tun yanzu.

Abin da horon kamfani ba ya taɓawa

Kin ce kamfani yana ba ku horo, kuma ban raina shi ba. Amma ki lura da abin da ake koyarwa a can: ga sabon tsarin da muka fitar, ga yadda za ki buɗe magana, ga yadda za ki amsa in an ce babu kuɗi, ga adadin da ake so ki kawo kafin ƙarshen wata. Horon sayarwa ne. Ba laifi ba ne, kamfani kasuwanci yake yi. Sai dai ba ranar sayarwa ake gane mai sana'ar inshora ba, ranar da abu ya faru ake gane shi, kuma ilimin wannan rana ba kasafai ake samunsa a ɗakin horon kamfani ba.

Bari in ba ki misali da abin da ya fi ci mini rai. A Disamban 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari. 'Yan kasuwa da yawa sun sabunta inshorar shagunansu a kan tsohon ƙiyasi, alhali kuɗin kayan da ke ciki ya ninka. A yawancin takardun inshorar gobara akwai sharaɗin da ke cewa idan ka rage wa kayanka daraja, diyyar ma za a rage ta daidai gwargwado. A ce kayan shago sun kai sidi 200,000, amma 100,000 aka rubuta. Wuta ta ci na 60,000. Mai shago yana jiran 60,000 tunda bai kai abin da aka rubuta ba, sai a ba shi 30,000, domin rabin dukiyarsa kawai ya sa a inshora, rabin asarar ke nan za a ɗauke masa. Ya za ki yi da fuskarki a gaban wannan mutum? Shi dai ya san ke ya ba kuɗi, ke kuma ba ki taɓa ce masa ya sake lissafin kayansa ba. Bayan gobarar kasuwar Kantamanto a Akara a Janairun 2025 da ta kasuwar Adum a nan Kumasi a Maris na shekarar, duk mai sayar da inshorar shago ya kamata ya iya bayanin wannan sharaɗi da Hausa da Tuwi ba tare da ya duba takarda ba. Ni a zaman 'yan sana'a na ji an feɗe shi dalla-dalla, daga bakin masu ƙiyasta asara, waɗanda su ne ke zuwa su tsaya a kan toka su yi lissafi.

A ɓangarenki na inshorar rai ma akwai ire-irensa. Akwai wajibcin faɗin gaskiya lokacin cika fom: wanda ya ɓoye hawan jini ko ciwon suga, ko wakilin da ya ce masa bar shi kawai, ya jawo wa magada a hana su kuɗin. Akwai wa'adin jira a inshorar jana'iza, wanda in mutum ya rasu da rashin lafiya kafin ya cika ba a biya cikakke. Akwai kuma babbar matsalar da ke tsakaninmu da mutanenmu, wato sun ɗauka inshorar rai susu ce, irin adashi, duk ranar da suka ga dama za su karɓi abin da suka zuba cif. Alhali wanda ya janye a shekarun farko abin da zai samu kaɗan ne, wani lokaci ma babu, saboda an riga an cire kuɗin kariya da na gudanarwa da kamashonki. In ba ki faɗa masa wannan tun farko ba, ranar da ya gano, ba kamfani zai kira ɓarawo ba, ke zai kira, kuma a gidan suna da gidan biki za a yi ta maimaitawa.

Sannan dokoki suna sauyawa. A Afrilun 2014 aka fara aiki da ƙa'idar nan ta in ba a biya ba babu kariya, wadda ta kashe al'adar ba da inshora bashi. A Janairun 2020 aka buɗe rumbun bayanan inshorar motoci na ƙasa, yanzu kowane fasinja zai iya danna *920*57# a wayarsa ya sa lambar mota ya ga ko inshorarta ta gaskiya ce. Dokar 2021 ta faɗaɗa inshorar dole, har da ta haƙƙin jama'a a wuraren kasuwanci da ta kuskuren aiki ga wasu masu sana'a. Akwai kuma maganar yin inshorar kayan da ake shigowa da su ta teku a kamfanonin cikin gida, abin da ya shafi alhazanmu masu oda daga Sin da Dubai. Ga dokar kare bayanan mutane ta 2012, wadda ta hau kanki tunda wayarki cike take da hotunan katin shaidar ɗan ƙasa na jama'a, wato Ghana Card. Kamfani zai sanar da ke abin da ya shafi hajarsa. Ƙungiya ce ke gayyato jami'an hukuma su zauna a yi musu tambaya ido da ido, kuma a irin wannan zama ne za ki ji yadda abin ke aiki a sauran kamfanoni, ba naku kaɗai ba.

Ranar da diyya ta maƙale

Idan aka ce in zaɓi amfani ɗaya tak, wannan zan ɗauka: samun wanda za ki kira. Sana'ar wakilci sana'ar kaɗaici ce. Kina yawo ke kaɗai daga Asawase zuwa Alabar zuwa Kejetia, manajanki adadi yake so, abokan aikinki na kamfani ɗaya kuma kuna neman mutane iri ɗaya. Ranar da takardun wani suka maƙale, wa za ki tambaya?

Na taɓa riƙe maganar wani direban babbar mota da ke jigila tsakanin Kumasi da Wagadugu. Ya yi haɗari a can ƙetaren iyaka, ya lalata dukiyar wani. Yana da katin nan mai ruwan ƙasa na ECOWAS, wato shaidar inshorar motar da ke ƙetare iyaka, wanda aka kafa tsarinsa tun 1982 don irin wannan, amma takardun 'yan sanda da Faransanci suke, kuma iyalinsa a nan sun rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Wani dattijo da muka saba a taron 'yan sana'a, wanda ya yi shekaru yana aikin wannan kati, shi ya faɗa mini takardun da za a haɗa da ofishin da za a fara kai su da wanda zai biyo baya. Bai karɓi ko kwabo ba, bai kuma yi wata alfarma da ta saɓa ƙa'ida ba, hanya kawai ya nuna. Amma da babu shi, da direban ya daɗe motarsa na tsare, yaransa na jiran abinci.

Ki fahimce ni da kyau, ba ina cewa ƙungiya hanyar sanayya ce ta a biya abin da bai cancanta ba. Mafi yawan diyyar da ke jinkiri, takarda ce ta ɓace ko aka cika ba daidai ba, ko an wuce wa'adin kai rahoto, ko ba a san wa ke da alhakin sa hannu ba. Wanda ya ga irinta sau da yawa zai gane matsalar a waya ɗaya. Har yau akwai wakilan da ba su san cewa akwai asusun diyya a ƙarƙashin NIC na waɗanda mota marar inshora ta buge ko direba ya buge ya gudu ba. Mutum nawa a unguwanninmu suka yi jinya da kuɗin aljihunsu don babu wanda ya faɗa musu?

Amana, wadda ita ce jarinmu a Zango

Har yanzu kuɗin inshorar da ake tarawa a Ghana bai wuce wajen kashi 1 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasa ba. Talauci yana ciki, amma rashin yarda ya fi. Kusan kowane gida akwai labarin wani da ya biya bai ga komai ba. Wasu labaran rashin fahimta ne, wasu kuwa gaskiya ne: wakilin da ya karɓi kuɗi ya riƙe a aljihu da niyyar zai kai gobe, mai sayar da sitikar bogi a tasha kafin zuwan rumbun bayanai, wanda ya yi alkawarin ribar da babu ita a takarda. Duk wanda ya yi haka, ke ma ya ɓata miki kasuwa, ko ba ki taɓa ganinsa ba.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, har kasuwar ta gangaro Kumasi, sun san maganin wannan. Baƙo yana sauka wajen mai gida, mai gida ya haɗa shi da dillali, ya tsaya lamuni a kan bashi. Dillalin da ya ci amana ba baƙon kaɗai ya cuta ba, ya zubar da mutuncin mai gidan da na duk masu cin abinci a wannan layi, shi ya sa su da kansu suke fara hukunta shi kafin magana ta kai gaban sarki. Ƙungiyar sana'a ta zamani wannan aiki take yi idan tana da rai: tana da ƙa'idojin ɗa'a a rubuce, tana da inda ake kai ƙarar ɗan ƙungiya, tana iya dakatar da shi ko ta miƙa shi ga hukuma. Idan kika ce wa Alhaji mai shagon kayan gini, ga lasisina, ga ƙungiyata, in na cuce ka ga inda za ka kai ni, kin ba shi abin da zai riƙe. Mutumin kirki ba ya tsoron a san inda za a kai ƙararsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Musulmi musamman, wanda nake so ki sa a ranki. Tambayar da za ki fi sha a Zango ita ce, shin inshora halal ce? Hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba ne ba kuma naki ba, kada ki yarda neman kamasho ya sa ki ba da fatawa. Amma wajibinki ne ki san abin da ake magana a kai: inda malamai ke ganin riba, inda suke ganin rashin tabbas a cinikin, da yadda takaful ya bambanta, wato tsarin da mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon juna, kamfani kuma ya zama mai kula da asusun. A Sudan aka kafa kamfanin farko na irin wannan a 1979, Najeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. A nan Ghana ana ta maganarsa. To a ɗakunan da ake wannan magana, 'yan Zango nawa ne ke zaune? Na sha shiga taro in waiga in ga ni kaɗai ce mai mayafi. Haka nan batun wanda ake rubutawa ya karɓi kuɗin inshorar rai bayan rasuwa. Mutum ya rubuta sunan ɗa ɗaya ko mata ɗaya, ya rasu, sauran magada su ce a raba bisa gado, rigima ta tashi a gidan da ake zaman makoki. Wakilin da ya san mutanensa zai tayar da wannan magana tun ranar cika fom, ya ce wa mai saye ya shawarci malaminsa ya kuma sanar da iyalinsa. Masu tsara hajar inshora a Akara ba za su san wannan damuwa ba sai wani daga cikinmu ya faɗa musu, kuma ba a jin muryar wanda ba ya cikin ɗaki. Wannan kaɗai ya isa ya sa in so ganin irinki a ciki.

Bakin mutum ɗaya da bakin jama'a

Wakili ɗaya ba shi da ƙarfin ja da kamfani. In an jinkirta kamashonki, ko an sauya lissafinsa ba shawara, ko an zare miki abin da aka riga aka biya ki saboda mai saye ya daina zubi, iyakarki ki yi gunaguni ko ki bar aikin. Kamfanoni su kansu sun san amfanin haɗa baki. Da gwamnati ta fito da shirin musanya bashin cikin gida a ƙarshen 2022, wanda ya shafi kuɗin da kamfanonin suka ba ta rance, ba ɗaya bayan ɗaya suka je Ma'aikatar Kuɗi ba, GIA ce ta zauna a madadinsu har aka cim ma matsaya a Janairun 2023. In masu jarin miliyoyi sun ga ba za su iya su kaɗai ba, ina ga mai yawo da jaka a rana?

Kuma akwai abubuwan da ke tafe da suka shafi abincinku. Bankuna suna sayar da inshora a kan kanta, kamfanonin waya suna sayar da ƙananan tsare-tsare ta momo, wato tura kuɗi ta waya, irin su aYo da BIMA, ba tare da wakili ya taka ƙafa ba. Ban ga laifin wannan ba, ya kai kariya ga talakan da ba mu taɓa isa gare shi ba. Amma yana nufin wakilin da iyakar iliminsa cika fom ne, waya za ta karɓe aikinsa. Wanda zai saura shi ne mai ba da shawara, wanda zai zauna da mai garejin Suame Magazine ya duba masa haɗarin wuta da na ma'aikata da na motocin mutane da ke kwana a hannunsa. Wannan ilimi ake nema a CIIG da kwalejin inshora, kuma shi ne tsanin da ke kai wakili ga zama manaja ko dillali.

Ƙaramin abu amma mai amfani: ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga kamashon wakilan inshora tun daga tushe. Ki riƙa karɓar shaidar wannan cirewa kina ajiyewa. Kuma tunda ba ki da albashi, babu mai zuba miki fansho sai ke. SSNIT, cibiyar da ke riƙe da asusun fansho na ƙasa, tana karɓar masu aikin kansu, akwai kuma mataki na uku na fansho, wato na ganin dama, a ƙarƙashin dokar fansho ta 2008. Abin takaici ne a ga wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar wa mutane tanadin gobe ya tsufa ba shi da nasa, kuma na gani da idona. A cikin 'yan'uwa masu sana'a ne ake tuna wa juna irin wannan.

Abin da ba za ta yi miki ba

Ƙungiya ba za ta kawo miki masu saye ba. Duk wanda ya ce miki da kin shiga kasuwa za ta buɗe, ya faɗi abin da ba haka ba. Mutanen da za ki tarar a can masu sayarwa ne irinki. Ana samun wanda zai turo miki aikin da ba layinsa ba, musamman in an san kina jin Hausa kuma kina shiga gidajen da namiji ba zai shiga ba, amma wannan sai bayan an san ki an yarda da ke.

Ba za ta iya tilasta wa kamfani ya biya diyya ba. Wannan ikon na NIC ne da kotu. Tana iya nuna hanya, ta yi magana, ta matsa, iyakarta ke nan. Kuma ƙungiya taron mutane ce, akwai son shugabanci, akwai ɓangaranci, akwai taron da za a ɓata rabin yini a kan jawabin godiya. Manyan tarurruka da yawa a Akara ake yi ko a wani otal mai nisa, tafiyar kilomita wajen 250 daga nan, ga kuɗin mota ga masauki ga yinin da ba ki fita nema ba. Ga mai aure da yara wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai an yi shawara a gida. Ba kowane taro ne ya cancanci wannan wahala ba, ki zaɓi na ilimi ki bar na shagali.

Za ki kuma ji sunayen na waje. Akwai CII ta Landan mai jarrabawar da ake girmamawa a ƙasashe da yawa, akwai MDRT da aka kafa a Amurka a 1927 don masu sayar da inshorar rai da suka kai wani matsayi na ciniki. Suna da kyau, amma da fam da dala ake biyansu, ba nan za ki fara ba. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne ƙungiyoyin WhatsApp da ke karɓar kuɗi ta momo su turo miki takardar shaida mai ado. In kina shakkar wata, ki shiga ofishin NIC na nan Kumasi ki tambaya ko sun san da ita.

Kafin ki cire kuɗi

Ki ce wa abokiyar aikin taki ta tafi da ke zama ɗaya a matsayin baƙuwa. Ki nemi a ba ki tsarin mulkin ƙungiyar da ƙa'idojin ɗa'arta da adadin kuɗin shiga da na shekara a rubuce. Ki tambaya ko suna zama a Kumasi ko komai sai an je Akara, wane horo suka yi a shekarar da ta wuce, wa ya koyar, kuma ana karanta wa mambobi lissafin kuɗi ko ba a yi. Ki tambaya ko sun taɓa tsaya wa wani wakili a kan kamashonsa, ko sun taɓa hukunta wani nasu. Yadda aka amsa miki waɗannan zai nuna miki ko ƙungiyar tana aiki ko suna ne kawai. Sannan ki auna kuɗin shekarar da kamashonki: takarda nawa za ki sayar ki mayar da shi? In ƙungiyar ta hana mutum biyu ko uku cikin masu zubinki janyewa saboda kin iya yi musu bayani tun farko, ta riga ta biya kanta.

In kuɗin bai isa komai a lokaci ɗaya ba, ga yadda zan jera miki: lasisinki ya kasance a sabunte kafin komai, sai ƙungiyar wakilai, sai ki fara tara na karatu a hankali da nufin shiga CIIG. In kin shiga kuma, kada ki zauna a kujerar baya. Ki karɓi wani ɗan aiki, ko rubuta sunayen mahalarta ne, don ta haka ake sanin mutum. A zamanki na farko ki tafi da kwafin yarjejeniyar da kika sa wa hannu da kamfaninki, ki nemi wata babba ko wani dattijo a cikinsu ya karanta miki sharuɗɗa biyu: yaushe kamfani ke da ikon zare kamashon da ya riga ya biya ki, kuma me zai faru da kamashon sabuntawa na mutanen da kika kawo in wata rana kika bar kamfanin.